Burushin Kwalliya Ma Yana Son Wanka

Hajiya Shugaba, iyayenmu mata, yayyenmu da ƙannenmu, da mazajen da suka rako mu, barkanmu da ganin wannan rana ta zagayowar shekarar ƙungiyarmu. Allah Ya maimaita mana.

An ba mu minti goma, mu masu sayar da kayan kwalliya, aka ce mu faɗi wani abu mai amfani daga cikin sana'armu. Wasu sun ɗauka maganar tsadar kaya za mu yi. Wannan kowa ta san shi, ba sai an faɗa mata ba. Abin da muka zaɓa ɗan ƙarami ne: burushin hoda, da soson fandeshan, da tsinken saka kwalli.

Mu da muke wuni a rumfa muna ganin fuskoki iri-iri. Mace za ta zo ranta a ɓace, ta ce hodar da ta saya jabu ce, ta feso mata da ƙuraje. Wani lokaci gaskiyarta ne, jabun kaya sun cika gari. Amma sau da yawa in muka ce ta buɗe jaka, sai mu ga burushin ya daskare, gashinsa ya manne wuri ɗaya, launinsa ya koma na ƙasa. Tun na lefe ne, ga ta da goyon ɗa na biyu, bai taɓa ganin ruwa ba. To ina laifin hoda a nan?

Duk lokacin da burushi ya taɓa fuska, yana kwasar maiƙo da gumi da matacciyar fata, ga kuma ƙurar hunturu da ke sauka a kansa a gaban madubi. Ƙwayoyin cuta a irin wannan wuri suke hayayyafa. Gobe kuma a mayar da su kan fuska, su shiga inda aka matse ƙurji. Soso ya fi muni, don shi yana riƙe danshi. Da damina in kika ga ɗigo-ɗigon baƙi a jikinsa, fumfuna ce, wanki ba ya fitar da ita, a jefar kawai.

Inda muka fi so mu tsaya shi ne ido, domin fuska in ta yi ƙuraje tana warkewa, shi ido ba a sayen sabo a kasuwa. Duk mun san ciwon idon nan da ake kira afolo. A ƙasar Gana aka fara ganin annobarsa a 1969, shekarar da Amurkawa suka sauka a kan wata da kumbon Apollo, shi ya sa sunan ya bi shi har yau. Mutanenmu suna cewa in ka kalli idon mai afolo ka ɗauka. Ba kallo ne ke kawo shi ba. Hannu ne, da tawul, da gefen mayafi, da duk abin da ya taɓa ruwan idon mai ciwo ya kuma taɓa na mai lafiya. Yanzu ku tuna ɗakin amarya ranar kamu. Tandun kwalli ɗaya, tsinke ɗaya, ƙawaye goma sha, kowa na cewa “miƙo min in kin gama.” In ɗaya ta zo da jan ido, kafin a yi buɗar kai rabin ɗakin sun kamu, har da amaryar. Kowace mace ta riƙe tsinkenta da gazal ɗinta da maskararta, ko uwa da 'ya ne. Wannan ba rowa ba ce. Sannan masu lasar bakin jagira don ta yi baƙi, don Allah a bari, yawu ba ya zuwa kusa da ido. Wadda ta yi afolo ko hazbiya, ta ajiye kwalliyar ido har ta warke, abin da ta yi amfani da shi lokacin ciwon kuma ta zubar. A je asibiti, kada a ɗiga ruwan sukari ko fitsari ko nonon mai jego.

Tunda mun ambaci kwalli, bari mu ɗan ratse. Baƙin dutsen nan mai ƙyalli da ake niƙawa, yawancinsa dalma ce a ciki. Kun tuna yadda gubar dalma ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Waccan daga duwatsun zinare ta fito, amma dalmar dai ita ce, kuma ƙwaƙwalwar yaro take taɓawa. Jariri yana murza ido ya kai hannu baki. Iyayenmu, ku yi haƙuri, mun san al'ada ce, amma a ƙyale idon jarirai haka nan.

Wankin ba shi da wuya. Sau ɗaya a mako ya isa ga burushi, a haɗa shi da ranar wankin kai don kada a manta. Ruwa mai ɗan ɗumi, ba mai zafi ba. Sabulun wankan jarirai ko wani mai laushi. Omo da bilic suna cinye gashin, kuma abin da ya rage a ciki fuska zai koma. Ki jiƙa gashin kawai, kansa na kallon ƙasa, ki murza shi a tafin hannu, ki ɗauraye, ki sake, har ruwan ya fito fari. Kada ki tsoma shi gaba ɗaya a roba, don ruwa in ya shiga ƙarfen da ke riƙe gashin yana narkar da gam, daga nan sai zuba. Ki matse a hankali da tsumma mai tsabta, ki kwantar da shi a bakin tebur, gashin ya leƙo waje ya sha iska. Kada a tsayar da shi a kofi yana jiƙe, kada a jefa shi cikin jaka a zuge. Soso kuwa duk ranar da aka yi aiki da shi a wanke, bayan wata uku a canza. Jakar ma a zazzage ta a wanke.

Yanzu ga 'ya'yanmu da ƙannenmu masu yi wa amare kwalliya, musamman waɗanda suka fara da rancen ƙungiya. Ku sana'arku a kan suna take tsaye. Amarya ɗaya ta tashi da kumburin ido, labarin ya zaga unguwa, shi ke nan ciniki ya tsaya, ga bashi yana jira. Ku sayi burushi saiti biyu, ɗaya na aiki ɗaya na shanya. Wanda ya taɓa fuskar wata ba ya zuwa fuskar wata sai an wanke. Ku riƙa goge bakin jagira da sifirit bayan kun fere ta. Jan baki a kankaro kaɗan a shafa da tsinken auduga, a jefar. In kuɗin soso ya yi muku nauyi, ku ce kowace ta zo da nata, ko ku saka shi cikin kuɗin aiki.

Mu da muka zauna ajin yaƙi da jahilci da girmanmu, nan ma karatun ya yi mana rana. Ku juya bayan kwalba, za ku ga hoton ɗan gwangwani da murfi a buɗe, an rubuta 6M ko 12M. Watanni ke nan da kayan za su yi bayan an buɗe su. Ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Maskara ita wata uku ce, ko da saura a ciki, kuma in ta bushe ba a ƙara mata ruwa.

Mun zo da roba da sabulu, suna can teburin baya. Bayan an ci abinci, duk mai burushi a jaka ta kawo mu wanke tare.