Jawabin Buɗe Ɗakin Nazarin Haske



Ku dubi kwalaben nan uku da ke gabana. In an rage fitila aka haska su, ɗaya za ta yi kore, ɗaya ruwan lemo, ɗaya ja wur. Alhali abu guda ne a cikinsu, kadmiyum selenaid. Bambancin na girman ƙwayoyin ne kawai. Su ne ake kira ɗigon kwantum. Faɗin kowane bai wuce 'yan nanomita ba, silin gashin kai ya fi shi kauri sau dubu goma.

Idan hasken leza ya bugi ɗigon, sai ilektiron ya zabura ya bar gurbinsa. Amma ba ya nisa, don shi da gurbin suna jan juna, kamar akuya da turkenta. Wannan haɗin shi ne eksiton, wanda Yakov Frenkel ya fara kawo zancensa a 1931. Da ilektiron ya koma gurbi, sai ɗigon ya fitar da haske. Gwargwadon matsin wuri, gwargwadon ƙarfin hasken: ƙaramin ɗigo ya karkata shuɗi, babba ya yi ja. Karanta wannan hasken shi ne aikin ɗakin nan.

Alexei Ekimov ya ga abin cikin gilashi a Leningrad a 1981. Louis Brus ya gan shi cikin ruwa a Amurka a 1983, sannan Moungi Bawendi ya gano hanyar haɗa ɗigo masu girma bai ɗaya a 1993. Kyautar Nobel ba ta zo musu ba sai 2023, bayan ɗigon ya daɗe da shiga allon talabijin. Masu tambayata yaushe ɗakin zai kawo riba, to, ga lissafin shekarun nan.

Ɗalibai, ƙurar hunturu ba ta san farfesa ba. Ƙwaya ɗaya a kan madubi takan ɓata awon yini guda. Ku cire takalmi a ƙofa, ku sa tabarau kafin a kunna leza, ku rubuta abin da kuka gani ko da bai yi muku daɗi ba.

Mai girma Shugaban Jami'a, ranka ya daɗe, roƙonmu ɗaya ne: wutar da ba ta ɗaukewa a tsakiyar awo. Allah Ya sa albarka. Bismillah, ga almakashi, a yanke mana ƙyallen.