Yadda Allurar Kemo Take Yaƙar Ciwon Daji



Mu da muka tsufa da alli a hannu ba likitoci ba ne, amma sauƙaƙa magana mai wuya sana'armu ce. Abin da ya sa muka ɗauko wannan batu shi ne, a gidajenku ne marasa lafiyarmu suke sauka idan an tura su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko na Shika saboda ciwon daji. Sau da yawa, bayan allura biyu ko uku ta maganin da ake kira kemo, sai a kwashe majinyaci a koma gida: wasu don kumburi ya saɓe, wasu don gashi ya zube sun tsorata, wasu kuma don aljihu ya ƙone.

Jikin ɗan Adam gini ne na ƙananan ƙwayoyin halitta, kuma kowace tana ɗauke da kundin umarninta, wato DNA, wanda yake kamar igiya mai tufka biyu. Kafin ƙwaya ta rabu biyu, sai ta warware tufkar ta kwafi umarnin. Lafiyayyar ƙwaya ta san lokacin tsayawa. Ta ciwon daji kuwa ta tsinke linzami, rabuwa kawai take yi. To, ta nan magani yake kama ta.

Mu ɗauki saikulofosfamaid, wanda aka fara amfani da shi a 1959. Idan ya shiga jini, hanta ce take farkar da shi, sannan ya je ya ƙulle tufka biyun nan da juna. Ƙwayar da ta zo kwafa sai ta tarar igiya ba ta warwaruwa, ta kasa rabuwa, ta mutu. Wani kuma, binkiristin, daga wani fure ɗan asalin Madagaska ake samunsa, irin wanda ake shukawa don ado a harabar makarantu da ofisoshi. Shi kuwa zaren da ke jan kundin umarni zuwa ɓangare biyu yake hanawa haɗuwa. Shi ya sa likita yakan gama magunguna biyu ko uku, kowanne da ƙofar da yake tarewa.

Sai dai magani ba shi da ido. Duk ƙwayar da ke saurin rabuwa abin farautarsa ce, kuma a cikin lafiyayyun akwai masu wannan hali: saiwar gashi, fatar cikin baki da ta hanji, da ɓargo inda ake ƙera jini. Ga asalin zubar gashi da gyambon baki da kasala. Ba sammu ba ne, ba kuskuren allura ba ne, kuma gashin yakan dawo bayan an gama.

Yanzu bari mu koma aji mu yi lissafi. Ƙullutu mai faɗin santimita ɗaya yana iya ɗaukar ƙwayoyi kimanin biliyan ɗaya. Kowane zagaye na magani wani kaso yake kashewa, ba duka ba. A misali, mu ce ya kashe 99 cikin 100: saura miliyan 10. Hannu ba zai ji su ba, ido ba zai gan su ba, dangi za su ce an warke, alhali suna nan. Zagaye na biyu ya bar 100,000, na uku ya bar 1,000. Manomin Gummi ya fi mu sanin wannan karatu, domin bai taɓa yin noman firi ya rataye fartanya ba. Ya san sai ya koma maimai. Hutun da ake bayarwa tsakanin allurai, galibi mako uku, don ɓargo ya farfaɗo ne. Idan aka ja shi ya zama wata biyu, ciyawar ce ta samu hutu, kuma wadda ta tsira takan fi taurin kai.

Kada a ɗauka labarin ƙasashen Turawa ne. A 1958 likita Denis Burkitt ya bayyana wani ciwon daji a Yuganda, mai kumbura muƙamuƙin yara a yankunan zazzaɓin cizon sauro, irin namu. Ƙullutunsa kan ninka cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma wannan gaggawar tasa ita ce take ba da shi ga magani. A Ibadan, Farfesa Victor Anomah Ngu, ɗan Kamaru, yana cikin waɗanda suka nuna cewa magani yana narkar da shi, har ya samu lambar yabo ta Lasker a 1972. Ba mu ce kowane ciwon daji haka yake ba. Na mama, alal misali, yakan buƙaci tiyata da gashi, kuma zuwa da wuri yana da babban tasiri.

Roƙonmu ga masu masauki biyu ne. Ku riƙe katin asibiti, ku san ranar allura ta gaba, a fara haɗa kuɗinta da na mota tun ranar da aka yi ta yau. Sannan ku sa ido a mako na biyu bayan kowace allura, lokacin da fararen ƙwayoyin jini masu tsaron jiki suke raguwa ƙwarai. Idan zazzaɓi ya taso a wannan tsakani, kada a tsaya kemis, kada a jira gari ya waye. A kai shi asibiti, a kuma faɗa wa likitan da ke aiki cewa majinyacin yana karɓar kemo.