Wa Ya Gani da Idonsa? Bayanan Tsaro Tsakanin Dattawa da 'Yan Waya



Bayan harin 11 ga Satumba 2001, hukumomin leƙen asirin Amurka sun gano cewa kowacce tana riƙe da guntun labari ta hana 'yar'uwarta. Ga kuma tsofaffin ma'aikata na zamanin yaƙin cacar baka suna ritaya da abin da ke kansu, an cika ofisoshi da sabbin jini. A 2006 suka buɗe Intellipedia, rumbu na cikin gida mai tsarin Wikipedia, a 2008 kuma A-Space, wanda ya yi kama da Facebook. Har rahoto kan Nijeriya sun gwada haɗawa a Intellipedia. Ƙa'ida ɗaya ce ta ja hankalina: duk wanda ya rubuta ko ya gyara wani abu, sunansa na nan maƙale da shi.

Ranku ya daɗe, iyayenmu masu unguwanni, ai wannan aikinku ne tun fil azal. Sabon Gari gari ne da jirgin ƙasa ya tara wa baƙi, amma baƙo bai isa ya kama ɗaki ba sai mai gida ya kai shi gaban mai unguwa. Daga ina? Wa ya san ka? Me kake sayarwa? Labari ya hau zuwa dagaci, ya kai ga hakimi, kowane mataki da mai ɗaukar alhakinsa. In ka zo da ƙarya, gobe a masallaci za a haɗu.

Yau kusan kowane layi a Samaru, Hayin Dogo ko Muchiya yana da zauren WhatsApp. Ba na raina shi. Tun harin da aka kai kwalejin Nuhu Bamalli a Yunin 2021, wa zai ce kada a yi saurin sanar da juna? Sai dai ku saurari saƙon muryar da ke shigowa ƙarfe biyun dare: "Jama'a, an ga baƙin fuska a kan babura wajen Bomo, a tura wa kowa." Wa ya gani? Yaushe? Wataƙila na bara ne, wataƙila ma Bomo aka liƙa masa. Mutane su kwana zaune, gari ya waye a tsare wani bawan Allah mai kawo nono.

Dattijon da zai ce "wannan ɗan gidan wane ne, shekara talatin suna bin hanyar nan" ba ya cikin zauren. Wayarsa ta tocila ce. 'Yan sintiri kuwa matasa ne, akwai zuciya, babu tarihin wurin.

Jami'ar Ahmadu Bello ta san hanyar tattara abin da dattawa suka sani, domin tun zamanin Farfesa Abdullahi Smith masana tarihinta ke zama gaban tsofaffi da rikoda. Ɗalibanmu su yi haka da masu unguwanni da tsofaffin 'yan banga: tsoffin burtalai, hanyoyin ɓarayin shanu, rigingimun gonaki da yadda aka kashe su. Abin da ya shafi sunayen mutane ya tsaya hannun hakimi da 'yan sanda, kada ya shiga waya. Kowane zaure kuma a sa dattijo ɗaya cikin masu kula da shi, ko da jikansa ne zai riƙa kunna masa saƙonnin, kuma duk saƙon da ya zo babu sunan wanda ya gani, a goge shi kafin a tura.