Gurbin da Ba a Cike Ba



Da yawa daga cikinmu, in Allah ya kai mu ƙarshen karatu, ofis za mu zauna a gaban kwamfuta, a sakatariyar ƙaramar hukuma ko banki ko kamfanin taki. Can za mu gamu da saƙon nan da ke fitowa a allo, wai akwai gurbin da ba a samu ba, aiki kuwa ya tsaya cik. Mun zaɓi mu yi magana a kansa ne domin mutumin da sunansa ya maƙale a wannan gurbi galibi manomi ne daga Ɗambatta, Bichi, Makoɗa ko Minjibir, damina kuwa ba ta jiran akawu.

Rumbun bayanai, ko na Oracle ne ko na SAP, jadawali ne kamar littafin haraji na da. Kowane layi mutum guda, kowane gurbi kuma abu guda game da shi, watau suna, ranar haihuwa, lambar waya, girman gona. Wanda ya tsara manhajar yakan ɗaure wasu gurabe ya ce tilas a cike su, in ba haka ba na'ura ta ƙi karɓar layin baki ɗaya.

Mu tuna shirin tallafin taki da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2012, zamanin da Akinwumi Adesina ke Ministan Gona. Manomi yakan yi rajista, saƙo ya zo masa ta waya, ya je ya karɓi buhu biyu a rabin kuɗi. Tsarin duka a kan gurbin lambar waya ya rataya. Wanda ba shi da waya, ko wanda aka rubuta lambarsa ba daidai ba, babu hanyar da saƙon zai same shi, ko da gonarsa na nan a bayan gida kowa na gani.

To, idan saƙon ya fito, abin da za mu fara tambaya shi ne: gurbin ne babu shi a jadawalin, ko yana nan ba a zuba masa kome ba? Cuta biyu ce, maganinsu daban. Ta farko takan biyo bayan sabunta manhaja, inda sabuwar ke neman gurbin da tsohon jadawali ba shi da shi, ko kuma an sake masa suna. Alamarta ita ce kowane layi zai ƙi shiga, kuma gyaranta na mai kula da rumbun ne, bayan ya ajiye kwafi. Idan kuwa wasu layuka sun shiga wasu sun ƙi, sai mu ware waɗanda suka ƙi mu duba abin da ya haɗa su. Sau da yawa abin dariya ne. Lambar waya a ƙasar nan alƙaluma 11 ce, da sifili take farawa, Excel kuwa in ya ɗauke ta a matsayin adadi sai ya yar da sifilin a bar 10. Haka nan ƙ da ɗ da ɓ kan rikiɗe su zama alamar tambaya in aka ɗauke fayil daga wani tsari zuwa wani, har Ɗanladi ya zama wanda ba a sani ba.

Amma inda gizo ke saƙa shi ne gurbin da rayuwarmu ba ta shige shi ba. Ƙasar da ke kewaye da Kano, wadda Michael Mortimore ya yi shekaru yana nazari, cike take da mutane, ana noma ta kowace shekara ba hutu, gado kuma ya yanka ta ƙanana. Magidanci guda na iya noma feguna huɗu a warwatse, ga na gandu, ga gayauna, ga na aro, ga na jingina, alhali fom ya ba shi gurbi ɗaya tak, a hekta. Dattijon da ya san an haife shi shekarar da Sarki Alhaji ya rasu, watau 1953, me zai rubuta a gurbin rana da wata?

A nan ne akawu mai gaggawa kan cike da abin da ya ga dama, ya sa 1 ga Janairu, ko ya sa lambar wayarsa ga mutum ashirin. Allo zai yi shiru, amma fa an binne matsalar ne da ranta. Ranar da aka gwada layin da BVN, wadda Babban Banki ya fito da ita a 2014, ko da NIN, bayanan za su saɓa, a tura manomin birni neman takardar rantsuwa a kotu, da kuɗin motarsa, a tsakiyar noman farko. A ganinmu gara akawu ya rubuta wa na gaba da shi cewa gurbin ne ke bukatar gyara: a yarda a shigar da shekara kaɗai tare da alamar kiyasi, a kuma buɗe wa gonaki jadawalinsu daban, yadda mutum guda zai iya samun layi huɗu.