Wa Ya Hana Yaro Ƙwai?

Karatu: Markus sura 7, aya 1 zuwa 23

   

Yau maganarmu a kan akushi take: abin da ake zubawa a ciki, da abin da aka ce kada a zuba, da kuma wanda ya faɗi haka.

A wurin da muka karanta, Farisiyawa da malaman Attaura sun taso tun daga Urushalima, suka tarar almajiran Yesu suna cin abinci ba su yi irin wankin hannun da aka gada daga dattawa ba. Kada wani yaro ya ruga ya ce wa mamarsa rediyo ta hana wanke hannu. Wancan wanki ne na al'ada, wanda suke auna tsarkin mutum da shi. Ubangiji bai tsaya jayayya a kan ruwa ba. Sai ya tono musu wata al'adarsu da suka fi so a yi shiru a kanta. Mutum yana da abin da zai ciyar da tsohonsa da tsohuwarsa, sai ya furta cewa abin nan ya zama Korban, wato an keɓe shi ga Allah, malamai kuwa su ce to shi ke nan, iyaye ba su da sauran hakki a ciki. Dattijo ya kwana da yunwa, ɗansa kuma gari ya waye ana kiransa mai ibada. Bayan wannan ne Yesu ya kira taron ya yi musu magana, daga baya kuma ya nuna wa almajiransa abinci ciki yake shiga ya wuce, mugunta kuwa daga zuciya take tasowa.

Mu lura da ma'aunin da ya ɗauka. Bai tambayi shekarun al'adar ba, bai tambayi girman malaman da suka tsaya mata ba. Ya duba wanda ta bari da yunwa.

Mu ma akushinmu ya sha dokoki. Da yawa cikinmu jikokin Maguzawa ne, ba kuwa abin kunya ba ne mu faɗa. A zamanin kakanninmu kowane gida yana da kan gidansa, akwai dabbar da 'yan gidan ba sa kashewa, ba sa ci, maƙwabcinsu kuwa ya ci ya suɗe hannu ba abin da ya same shi. Akwai jan zakaran da ake yankawa a wurin tsafi, akwai giyar da gayya ba ta tashi sai da ita. Da bishara ta zo, masu mishan suka hana yankan tsafi, da yawansu suka hana giya. Mun ga amfanin wannan da idonmu: dawar da take tafiya tukunyar burkutu ta komo tukunyar tuwo, mata da yawa suka huta da duka. Sai dai a hankali shaidar Kirista a ƙauye ta zama abu guda, wai ba ya sha. Mai rowa da mai cin iyakar gona suka sami wurin ɓuya, muddin bakinsu ba ya warin giya.

Ga kuma alade. Yawancinmu ba mu ci, wasunmu ko ganinsa a faranti ba sa iyawa. Ba laifi. Amma mu gaya wa kanmu gaskiya, cikinmu ne ya tashi a ƙasar Hausa, tsakanin maƙwabta da dangi Musulmi, shi ya sa yake tashi. Sabon Alkawari bai ɗora mana wannan doka ba. In aka turo ma'aikaci ko soja daga wajen Kafanchan ya shigo majami'armu, muka ji a garinsu ana kiwon alade ana ci, sai ka ga an fara jan tabarma. Manzo Bulus ya san irin wannan jan tabarma. A Antakiya ya tsawata wa Bitrus gaban jama'a don ya daina cin abinci da 'yan'uwa na al'ummai da baƙi suka zo daga Urushalima. A Romawa sura 14 kuma ya hana mai ci raina marar ci, ya hana marar ci hukunta mai ci. Mu waɗanda ba ma ci, gargaɗi na biyun namu ne.

Akwai wata al'ada tamu da muke so mu yaba. In Kirsimeti ta zo, dattijo yakan kira maƙwabcinsa Musulmi ya yanka masa akuya, domin in an dafa a iya kai wa kowane gida. In Babbar Sallah ta zo, su ma su aiko yara da nama. Wasu samarinmu da suka yi karatu sukan ce wannan tsoro ne, ko munafunci. Mu ba mu gan shi haka ba. Dattijon ya san wuƙar wani ba ta ƙara wa naman tsarki. Ya bar 'yancinsa ne domin kwanonsa ya shiga gidan da wa'azinsa ba zai shiga ba. Wanda lamirinsa bai ba shi ya ci naman layya ba, kada a matsa masa, shi ma kada ya mai da kwanon da baƙar magana.

To, waɗannan su ne gardandamin da muke kwana a kansu a taron dattawa. Amma akwai dokokin abinci da ba a taɓa kawo su gaban dattawa ba, ba a wa'azi a kansu, su ne kuwa suka fi cin rai.

An ce kada a ba yaro ƙwai, zai zama ɓarawo. Wa ya faɗa? Ba wanda ya sani. Kowa ya ji daga kakarsa. In muka bi maganar a hankali za mu ga inda ta fito: ƙwai kaza ce ta gobe, kaza kuwa kuɗi ce, yaron da ya ɗanɗana zai riƙa leƙa akurki. Dabarar tsare dukiya ce aka sa mata rigar tarbiyya. Yau ana kwasar ƙwan zabi a kai bakin hanya a sayar wa matafiya, ɗan shekara biyu yana gida da kunu tsararo. An ce tsoka ta maigida ce, yara su jira romo da ƙashi, wai kada su tashi da kwaɗayi. An ce dakashi, wato ruwan nono na farko mai kauri, ƙazanta ne, a matse a zubar, a ba jariri ruwa ko jiƙo. Alhali ma'aikatan lafiya sun tabbatar dakashin nan shi ne kariyar farko da Mahalicci ya shirya wa jariri daga cututtuka.

Har iyayenmu mata abin bai bar su ba. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka lura masu jego da yawa suna zuwa da kumburin ƙafa da haki, zuciya ta gaza. Suka danganta abin da yawan kunun kanwa, da wankan ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa har kwana arba'in. Kakar da take dama kunun nan ba mugunta take nufi ba, ƙauna ce tsantsa, haka aka yi mata ita ma. Abin da ya sa irin wannan doka take da wuyar taɓawa ke nan. Wadda ta ƙi sha sai a ce ba ta da kunya, ba ta jin maganar manya, abin da ya shafi lafiyarta ya koma shari'ar halinta.

Wani zai ce to mu bar na gargajiya mu bi na zamani. A yi hankali, 'yan'uwa. Shawarar zamani ma da mai ita.

Tsofaffinmu za su tuna lokacin da masara abar bayan gida ce, a gasa a ci kafin gero ya nuna. A 1975 aka fara babban aikin gona na Funtua da kuɗin Bankin Duniya, aka kawo sabon iri da takin zamani mai rahusa, masara ta cika ƙasar Funtua da Malumfashi. Yau yaro yana tsammani tun fil azal tuwon masara muke ci. Masara ta rufa wa gidaje da yawa asiri, ba mu raina ta ba. Amma abin da muke kira abincinmu na gado, wani sashensa a ofis aka shirya shi. Haka talla ta koya wa amare cewa daddawa ta ƙauye ce, miyar wayayyu sai da magi uku ko huɗu bayan gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce kada gishirin babban mutum ya kai giram 5 a yini, wajen ƙaramin cokali ɗaya ke nan, har da wanda ke ɓoye cikin magin. Hawan jini yana ta kwantar da mutanenmu, mai sayar da daddawa kuma tana ta rasa ciniki.

Can a manyan ƙasashe ma haka abin yake. A watan Janairu na 1977 wani kwamitin majalisar dattawan Amurka ƙarƙashin Sanata George McGovern ya shawarci jama'a su rage cin nama. Masu kiwon shanu suka yi masa ca. Kafin shekarar ta ƙare aka sake buga takardar, aka sassauta lafazin, ya koma a zaɓi naman da zai rage kitse. Saniya dai ba ta canza ba tsakanin bugun farko da na biyu. A 1981 kuma, da aka ga yadda tallar madarar gwangwani take raba jarirai da nonon uwa a ƙasashen da ruwan sha ba tsabta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo ƙa'idar taƙaita tallar. Ƙasashe 118 suka yarda, Amurka kaɗai ta ƙi.

Ba cewa muke a yi watsi da maganar hukuma ba. Tun da aka wajabta sa sinadarin aidin a gishiri a Nijeriya a 1993, maƙoƙo ya ragu ƙwarai. Shawarar a ba jariri nono zalla wata shida, ba kamfanin da yake cin riba da ita. Wannan ma hanya ce ta gane magana: in an ce ci kaza, bar kaza, mu tambaya aljihun wa zai cika, cikin wa kuma zai zauna wayam.

A watan Yuli na 2025 ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta ba da sanarwa cewa yara 652 sun mutu da tamowa a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin wata shida na farkon shekarar. Waɗanda aka iya kaiwa asibiti ke nan. Ba za mu ɗora wannan duka a kan al'ada ba, zalunci ne mu yi haka. 'Yan bindiga sun raba manoma da gonakinsu, taki ya yi tsada, wasu gidajen ko kazar babu balle ƙwan. Wannan nauyi yana wuyan masu mulki, za su kuma amsa a gaban Allah. Amma akwai gidaje a cikinmu da ake loda buhunan waken suya da gyaɗa zuwa kasuwar Funtua ba a rage ko tiya biyu don awara da kunun yara ba. Zogale yana tsaye a jikin danga ba mai tsinka.

Yanzu bari mu taɓa inda ya fi zafi. Lokacin godiyar kaka ya yi. Za a kawo dammuna da buhuna da kaji gaban bagade, a kira sunaye, a yi guɗa. Abu ne mai kyau, Allah yana karɓar baikon da aka bayar da farin ciki. Amma in maigida ya ɗauko zakara ya kawo majami'a don a ji sunansa, ya bar yaro a gida gashinsa ya yi ja, ƙafafunsa sun kumbura, to me ya raba wannan da Korban? Shugabannin da suka karɓa suka yi shiru kuma, a gefen wa suke tsaye a cikin Markus sura 7? Dattawan ikilisiya, kun san gidajen. Ba haram ba ne a buɗe rumbun ikilisiya a auna wa gwauruwa da 'yan gudun hijira tun kafin a yi maganar kwanon rufi.

Iyayenmu na zumuntar mata, ku ne kuke zuwa barka, ku ne kuke zama da mai jego. Maganar da fasto ba zai iya faɗa a ɗakin haihuwa ba, ku za ku iya. In kaka ta ce a zubar da dakashi, kada a yi mata tsawa gaban surukarta. A ja ta gefe, a ce Inna, bari mu gwada na asibiti a kan wannan jikan naki. Iyaye maza, in an sauke tukunya, a fara duba ƙaramin cikin gida da mai shayarwa kafin a kai akushi zaure. Sata kuwa, a cikin jerin abubuwan da Ubangiji ya ce daga zuciya suke fitowa take, ku duba aya 21 da 22. Ba a ambaci ƙwai a wurin ba.

Bari mu yi addu'a.

Ya Uba, muna kawo gabanka iyaye mata da suke kan hanyar asibiti yau da yara a goye. Muna kawo manoman da ba su iya zuwa gonakinsu ba bana, Kirista da Musulmi. Ka ba masu jinya ƙarfi, ka ba masu mulki tsoronka. Ka tsare masu jego na Musawa da kewaye har su gama arba'in lafiya. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.