Bayan An Buɗe Jijiyar Zuciya



Mu da muka taso a Birnin Tudu da sauran ƙasar Mafara, Bakura da Maradun, mun san magudanan ruwan Bakolori, mun kuma san in guda ya cushe, shinkafar da ke gabansa sai ta ƙone. To, haka zuciya take. Idan gudan jini ya toshe jijiyar da ke shayar da ita, naman wurin sai ya soma mutuwa.

A 1977 Likita Andreas Grüntzig ya fara buɗe irin wannan jijiya da balan-balan a birnin Zurich. A 1986 kuma Jacques Puel ya dasa ɗan bututun ragar ƙarfe a ciki a Faransa, don kada ta sake rufewa. Shi ake kira sitent.

Amma fa jini bai san ƙarfe ba. Akwai waɗansu ƙananan ƙwayoyi a cikinsa, filatilet, masu tsayar da jini in an yanke. Da sun ci karo da ƙarfen sai su liƙe masa, su tara guda, hanya ta sake toshewa farat ɗaya, sau da yawa har ta kai ga rasa rai. Haɗarin ya fi tsanani a kwana 30 na farko, kafin tsoka ta lulluɓe ƙarfen. Shi ya sa ake haɗa magani biyu, asfirin da clopidogrel ko ticagrelor, galibi har wata 12, sa'an nan a zarce da guda.

A nan ne namu nauyin yake. Dattijo ya dawo gida daga asibitin birni, ya ji garau, ƙwayoyi suka ƙare, kuɗi ya yi wuya, sai ya bari. Barin maganin da wuri kuwa yana cikin manyan dalilan toshewar sitent.

Saboda haka mu da muka yi karatu mu riƙa ƙirga musu ƙwayoyi, mu sayo tun ba su ƙare ba. Kada a yi ƙaho ko cire haƙori sai likita ya sani, domin jinin ba ya saurin tsayawa. In azumi ya zo, a nemi likita ya gyara lokacin sha. In an ga baƙin bayan gida, ko ciwon ƙirji ya dawo, a garzaya asibiti nan take.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Wassalam.