Bin Sawun Ɗan Hausa: Daga Ƙofar Kabuga Zuwa Suwizalan

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai



Da kwamiti ya umarce ni da in yi jawabi, sai na tuna ranar da malaminmu na tarihi, Allah Ya ji ƙansa, ya jera mu a bakin Ƙofar Kabuga muna aji uku. Ya ce ta nan sojojin Kanar Molan suka fasa suka shigo birni ran 3 ga Fabrairu, 1903, lokacin Sarki Alu ya tafi Sakkwato. Sannan ya ce, "To, Turawan nan da suka zauna a Kano, su 'ya'yan wa ne?" Duk muka yi tsuru-tsuru. Bayan na yi ritaya na ce bari in biya Malam bashinsa.

Na zaɓi Ɗan Hausa domin dalili biyu. Na farko, yawancinsu masu wucewa ne, a yi zango a tashi, amma shi ya kafa gida har da iyali. Na biyu, shi ya buɗe makarantar boko ta gwamnati a Nasarawa cikin 1909, ke nan duk wanda ke zauren nan jikansa ne ta wajen karatu.

Na fara da bakin dattawa. Kowa ya san gidan, kowa ya ji labarin iya Hausarsa, amma kowa cewa yake Baturen Ingila ne. Da na koma ga takardu sai na ga abin mamaki. Sunansa Hanns Vischer, kuma a Basel ta ƙasar Suwizalan aka haife shi cikin 1876, a gidan attajirai masu cinikin siliki. Karatu ne ya kai shi Kembirij ta Ingila. Ya fara zuwa ƙasar nan da aikin mishan, daga baya ya karɓi takardar zama ɗan Birtaniya, ya shiga aikin mulki a Barno. A 1906 ya ƙetaro Sahara da ayari daga Turabulus zuwa Kukawa, ya kuma rubuta littafi a kan tafiyar, aka buga a 1910.

Matarsa ma, Isabelle, mutuniyar Suwizalan ce. Ta zauna da shi a wannan gidan ƙasa da muke wucewa kullum, ta kuma rubuta abin da ta gani a Kano da Faransanci, aka buga a 1917. Yaƙin Duniya na Farko ya raba su da Kano. Shi kuwa ya ci gaba da aikin ilimin ƙasashen mulkin mallaka a Landan, ya rasu a Ingila cikin 1945. Mai son ƙarin bayani ya nemi littafin Sonia Graham na 1966 a kan aikinsa, ya leƙa Gidan Ɗan Hausa, ko ya je gidan adana takardun tarihi na Kaduna.

Ba na zo in wanke mulkin mallaka ba ne. An zubar da jini a Kabuga, kuma boko ya zo ne da manufar masu shi. Abin da ya hana ni barci daban ne. Cikin 'yan watanni na san garin wannan baƙo, da sana'ar gidansu, da asalin matarsa. Da ƙaramin jikana ya tambaye ni sunan kakan kakana, sai na yi tsuru-tsuru irin na aji uku.

Kakana yana yaro aka ci Kano. Ya sha zaunar da mu bayan sallar isha zai ba mu labarin ranar, mu kuwa hankalinmu na wajen ƙwallo. Ya rasu ban rubuta ko layi ɗaya ba. Su sun ajiye wasiƙu da littattafai, mu muka dogara da "an ce". Ga shi ganuwar ma ta zaizaye, Kabugar da Malam ya nuna mana ba ita ce ta yau ba.

Saboda haka ina da roƙo guda. Kafin taron baɗi, kowannenmu ya zauna da mafi tsufa a gidansu, musamman gwaggonni da kakanni mata, domin su ne rumbun salsala. A tambayi sunaye, da unguwar da aka taso, da sana'ar gado, da garin da aka fito. A ɗauka a waya, a kuma rubuta a takarda. A duba tsofaffin littattafan gida, sau da yawa malamai kan rubuta haihuwa da rasuwa a bango. Ina roƙon editan mujallarmu ya ware shafi biyu domin abin da za a kawo. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, dattawan nan ba za su jira mu ba.

Malamanmu da ke raye, Allah Ya ƙara lafiya. Waɗanda suka riga mu, Allah Ya gafarta musu.